Miki Wanki Ya Ke So, Targaɗe Kuwa Hutu

Daga faɗuwar ruwan shuka har ran da a ke ɗaure dami, manomin Banga da na sauran ƙauyukan Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba shi da dukiyar da ta fi hannuwansa da ƙafafunsa. Iri in ya ƙare a kan ranto wurin maƙwabci. Fartanya in ta karye maƙeri ya kan gyara ta kafin azahar. Amma ƙafar da ta kumbura sa'ad da ciyawa ta taso wa gero, ba a aron wata. Kwana goma na kwanciya cikin watan Yuli sun isa su bar mutum da gona rabi hatsi rabi ciyawa, ko kuwa ya ci bashi ya biya 'yan ƙodago.

Ga shi kuwa aikin gona ba ya rabuwa da ƙananan raunuka. Fartanya ta zame ta sari ɗan yatsa, lauje ya yanki tafin hannu, ƙayar aduwa ta huda dunduniya, tushen kara ya soki ƙafa, ko mutum ya taka gefen kunya ƙafa ta gurɗe. Yawancin waɗannan su kan warke da kansu cikin mako guda ko biyu in an tsabtace su an bar jiki ya yi aikinsa. Abin da ya ke mai da su gyambo, ko ya kai mutum ga rasa gaɓa, sau da yawa shi ne taimakon da 'yan'uwa suka yi masa cikin minti goma na farko, da kyakkyawar niyya kuwa. Don haka ya kamata a bi waɗannan al'adu ɗaya ɗaya a ga wadda ta ke da amfani da wadda ta ke da ɓarna.

ƘASA DA TOKA DA KASHIN SHANU

In fartanya ta sari mutum a gona, abin da a kan fara yi shi ne a ɗebi ƙasa a barbaɗa. In a gida ne a zuba toka, ko garin taba, waɗansu ma har busasshen kashin shanu. Hujjar masu yin haka ita ce sun gani da idonsu jini ya tsaya. Ba ƙarya suka yi ba, gama ko wane gari ya kan sha jini ya daskare. Sai dai ƙaramin yanka zai tsaya ko ba a zuba masa kome ba, in dai an danne shi da hannu. Ƙasar ba ta ƙara kome ba sai abin da ta shigo da shi.

Abin da ta shigo da shi kuwa babba ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda ke zaune cikin ƙasa da cikin kashin dabbobi. Ta kan yi wani ɓawo ta kwanta shekara da shekaru, fari ba ya kashe ta. Ita ce ke kawo cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci su ke kira tetanus. A 1884 wani likita a Jamus, Arthur Nicolaier, ya sa wa dabbobi ƙasa a ƙarƙashin fata, ya ga cutar ta kama su. A 1889 wani masanin Japan mai suna Kitasato, yana aiki a Jamus, ya ware ƙwayar ita kaɗai. Tun daga nan aka daina shakkar inda cutar ta ke fitowa. To, gonar da mai ita ya fi kula da ita, wadda aka kai wa taki da jakai cikin bazara, ko aka kwantar da shanu a cikinta, ba ta rasa wannan ƙwaya. Mutumin da ya zuba wa yankansa ƙasar gona kamar wanda ya yi huɗa ne ya shuka cuta a jikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa mai bangon ne da kansa ya ɗauko ƙadangaren ya sa.

Cutar ba ta nuna kanta nan take. Ta kan yi kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, sau da yawa bayan mikin ya rufe an manta da shi. Sai a ga muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, wuya ya sandare, haɗiya ta gagara, daga nan jiki duka ya riƙa miƙewa yana ƙagewa in an yi ƙara ko an haska fitila. Saboda an manta da saran fartanyar, sai a ce iska ce ko sammu, a ɓata kwanaki ana neman magani inda babu shi. Wannan cuta ce ta asibiti, a ranar da aka ga alamarta. Inda babu kulawar asibiti, da yawa cikin waɗanda ta kama ba su kan tashi ba.

MAGANAR TSATSA

Kusan kowa ya san cewa taka ƙusa mai tsatsa yana da haɗari, har waɗansu su ke zaton tsatsar ce dafin. Wannan zato yana da ɓarna, domin ya kan sa mutum ya raina ƙaya da tsinke da tushen kara, ya ce ai ba ƙarfe ba ne. Tsatsa ba ta kawo sarƙewar haƙora. Ƙusa mai tsatsa ta daɗe ne cikin ƙasa, ta kwashi abin da ke ciki. Ƙwayar tana son rami mai zurfi, mai ƙaramin baki, inda iska ba ta shiga, musamman in an bar guntun ƙaya ko datti a ciki. Saboda haka hujin ƙaya da bai zub da jini ba, wanda manomi ya kan cire ya ci gaba da noma, ya fi wani buɗaɗɗen yanka haɗari. Raina kama ka ga gayya.

MAN BIRKI DA KAFSO

Zamani ya kawo nasa kuskuren. A tashar mota da bakin kasuwa, in wani ya yanke, sai a ji an ce a kawo man birki, ko baƙin mai, ko kananzir, ko fetur. Wani kuma ya sayi kafso a teburin mai magani, ya ɓare ya zazzage garin cikin mikin. Imanin da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne maganin da ya yi zafi shi ke aiki. Zafin nan kuwa kukan nama ne mai rai da a ke ƙonawa. Naman da ke bakin miki shi ne zai haɗe ya rufe shi. In an kashe shi da mai ko gishiri, an jinkirta warkewa, an kuma bar mataccen nama wanda ƙwayoyin cuta su ke so. Garin kafso an yi shi ne don haɗiya bisa umurnin likita. Barbaɗa shi a miki ba ya maye gurbin wanki, yawan amfani da shi barkatai kuma shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, har ran da a ke bukatarsa da gaske ya ƙi ci.

Wannan imani ba na Hausawa kaɗai ba ne. Likitocin Turai sun daɗe suna zuba tafasasshen mai a raunin bindiga, suna cewa yana kashe dafi. Wajen 1537, a yaƙin da Faransa ta yi a Italiya, wani saurayin likitan soja mai suna Ambroise Paré ya ga mansa ya ƙare, sauran masu rauni sai ya shafa musu wani haɗi mai sanyi. Da gari ya waye ya tarar waɗanda aka ƙona suna fama da zazzaɓi da kumburi, waɗanda ba a ƙona ba kuwa sun yi barci. Daga ranar ya bar ƙona raunin bindiga da mai. Shekara kusan 500 ke nan da wannan darasi, bai kamata a ce har yanzu ana biyan kuɗinsa da naman manoma ba.

Haka a ke yi wa ƙuna, ko ta wutar sassabe ko ta salansar babur: a fasa ƙwai, a shafa man goge baki ko manja. Waɗannan su kan riƙe zafin a ciki, su kuma sa malamin asibiti wahalar kankarewa. Ƙuna ruwa mai sanyi ta ke so, a yi ta kwarara mata har minti 20, sa'an nan a rufe da tsumma mai tsabta. In ta yi bororo kada a fasa.

TO, ME ZA A YI?

Aikin ba shi da wuya, kayansa kuwa suna ko wane gida. Da farko mai taimako ya wanke hannunsa da sabulu. Ya ninka tsumma mai tsabta ya danne mikin da ƙarfi har minti 10, ba tare da ɗagawa yana leƙe ba, ya kuma ɗaga hannun ko ƙafar sama. In jini ya ratso, ya ƙara wani tsumma bisa na farko. Ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba saboda ƙaramin yanka kuskure ne, gama ya kan hana jini kai wa sauran gaɓar.

In jini ya tsaya sai wanki. Akwai masu cewa ruwa ba ya taɓa miki, wai zai sa shi ya yi ruwa. Ruwan kududdufi lalle ba ya taɓa miki. Amma ruwan da ya isa a sha, na famfo ko na rijiyar burtsatse, ko wanda aka tafasa ya huce, shi ne babban maganin sabon rauni. A tsiyaya shi da buta, da yawa, har ƙasa da tsinke su fita, a wanke kewayen da sabulu. Bayan haka a tsane, a shafa ɗan Vaseline mai tsabta in akwai, a rufe da bandeji ko wankakken ƙyalle, a riƙa canzawa kullum ko duk sa'ad da ya jiƙe.

Nan ma akwai gardama, gama an saba cewa a bar miki ya sha iska ya bushe. A 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar dabbobi, ya ga mikin da aka rufe ya zauna da danshi ya fi wanda aka bari ya yi ɓawo saurin haɗewa. Balle ga manomi, wanda iskar da mikinsa zai sha tana tafe da ƙura da ƙudaje. Haka kuma maganar hana mai miki cin gyaɗa ko ƙwai, wai suna kawo mugunya. Mugunya ƙwayoyin cuta ke kawo ta. Jiki da abinci ya ke ɗinke kansa, gyaɗa da wake da ƙwai kuwa suna cikin masu gina shi. Abin mamaki ne a ce ƙasar da gyaɗarta da audugarta suka jawo hanyar jirgin ƙasa har Kaura Namoda a 1929, a cikinta a ke hana majinyaci gyaɗa.

Akwai raunin da ba na gida ba ne. In jini ya ƙi tsayawa bayan dannewa, ko yankan ya wangale yana son ɗinki, ko ɗan yatsa ya ƙi motsi ko ya mutu, ko wani abu ya karye a ciki, sai asibiti a ranar. Cizon kare kuwa a wanke shi da sabulu da ruwa har minti 15, a tafi asibiti ko da ɗan ƙarzane ne, saboda ciwon haukan kare. In bayan kwana biyu ko uku wurin ya ƙara zafi da kumburi, ko ya fara mugunya, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya zo, an wuce maganin gida. Mai ciwon sukari da mai sikila kada su jira waɗannan alamu in raunin a ƙafa ya ke.

ALLURAR DA MAZA SU KE MANTAWA

Sarƙewar haƙora tana da rigakafi tun wajen 1924, kuma ya nuna aikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 ne cutar ta kashe a 1988. A 2018 adadin ya sauko zuwa wajen 25,000, saboda yi wa mata allura da tsabtace yankan cibiya. A Nijeriya jariri ya kan sami rigakafin cikin allurar da a ke yi masa yana da mako 6, da 10, da 14, mata kuma su kan samu wurin awon ciki. To, ina magidanci mai riƙe da fartanya? Ƙarfin allurar jarirai ya kan ragu da shekaru in ba a ƙara ba, mutane da yawa ma ba a taɓa yi musu ba. Shi ya sa wanda ya fi kowa cuɗanya da ƙasa da taki shi ne ya fi kowa zama ba garkuwa.

Waɗansu su kan ce ai an yi musu allurar sau ɗaya da suka taka ƙusa, sun gama. Guda ɗaya ba ta isa ba. Babban mutum da bai taɓa yi ba, a kan yi masa ta farko, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, sa'an nan biyu kuma, shekara guda guda tsakani. Wanda ya sami rauni mai datti ko mai zurfi, in ya fi shekara 5 rabonsa da allurar, ko bai san ko an taɓa yi masa ba, ya je a duba shi ya faɗi gaskiya, domin wanda ba shi da rigakafi a kan ƙara masa wata allura dabam mai aiki nan take. Har wanda cutar ta taɓa kamawa ya tashi yana bukatar rigakafi, gama ba irin ƙyanda ba ce da a ke yi sau ɗaya. Lokacin da ya dace da wannan shi ne rani, sa'ad da aiki ya yi sauƙi kuma kuɗin kaka bai ƙare ba.

TARGAƊE

In ƙafa ta gurɗe, abin da aka saba shi ne a kira mai gyaran targaɗe ya ja, ya murɗa har a ji ƙas, sa'an nan a gasa da ruwan zafi, wani lokaci a kira wanzami ya yi tsaga ya sa ƙaho, wai a fid da mataccen jini. Ya kamata a san mene ne targaɗe. Ko wace gaɓa tana da waɗansu jijiyoyi masu tauri kamar igiya, masu riƙe ƙashi da ƙashi. Targaɗe shi ne igiyar nan ta miƙe fiye da kima ko ta ɗan yage. Ba abin da ya goce balle a mayar da shi. Wanda igiyar gugarsa ta fara tsinkewa ba ya gyara ta da ƙara ja. Ruwan zafi da murza a kwana biyu na farko suna ƙara kumburi, tsaga kuwa ta kan mai da ciwon da fata ta rufe ya zama buɗaɗɗen miki, ƙofar cutar nan da aka ambata.

Abin yi shi ne a huta da ƙafar kwana biyu ko uku. A sa mata sanyi minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma in ana samu, in babu, tsumma da ruwan randa. A naɗe da bandeji sako-sako yadda ɗan yatsa zai shiga ƙarƙashinsa, a ɗora ƙafar bisa matashi in an kwanta. Farasitamol ya isa don zafi. Bayan kwanakin nan a fara takawa a hankali, gama dogon kwanciya ma ya kan sa gaɓa ta sandare. Ƙaramin targaɗe ya kan yi sauƙi cikin mako guda ko biyu, babba ya kan kai mako shida ko fiye. Wanda ya koma huɗa tun ƙafar ba ta yi ƙwari ba ya kan sake gurɗe ta a wuri guda.

Yaya za a bambanta targaɗe da karaya? Likitocin Otawa ta ƙasar Kanada sun fito da wani gwaji a 1992, wanda a ke amfani da shi a asibitoci da yawa. In mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko da ɗingishi, ko kuwa in an danna ƙashin idon sawu kansa ta gefen baya ya ji zafi sosai, to, a ɗauki hoton ƙashi. Haka in gaɓar ta karkace ko ta mutu. Cewa da a ke yi tun da yatsu suna motsi ba karaya, ba gaskiya ba ne.

ƊORI

Maɗora mutane ne da jama'a suka amince da su, suna kusa, ba su tsawwala kuɗi, waɗansu kuma sun gaji sana'ar kaka da kakanni. Haɗarin yana wurin ɗauri. Gaɓar da ta ji ciwo tana ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku. In an jera mata karare an ɗaure tamau a ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini, cikin awa kaɗan nama ya fara mutuwa. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan tun 1881, daga hannuwan da ɗaurin likitocin Turai ya shanye. Likitocin ƙashi na Nijeriya kuma sun sha rubuta rahoto a kan yaran da aka kawo musu hannu ya riga ya ruɓe, ba abin yi sai yankewa, alhali asalin ciwon ƙaramar karaya ce ko targaɗe. Garin gyaran gira an rasa ido.

Alamun a bayyane su ke. Zafi ya yi ta ƙaruwa har mutum ya kasa barci, yatsu su kumbura su yi sanyi, ko su mutu, ko su sake launi, ko bororo ya fito gefen ɗaurin. In an ga ɗaya daga ciki, a kwance ɗaurin nan take, ba sai an jira maɗori ba, a nufi asibiti. Yaron da ke kuka cikin ɗori ba raki ya ke yi ba. Akwai babban asibiti a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Maɗorin da ya san ciwon da ya fi ƙarfinsa ya tura shi gaba, darajarsa ƙaruwa ta ke yi.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Wani zai ce faɗar a tafi asibiti tana da sauƙi ga wanda ke zaune a birni. Yana da gaskiya. Rashin zaman lafiya da ya addabi arewacin Zamfara fiye da shekara goma ya sa hanya ba ta biyuwa ko wane lokaci, kuɗin mota kuma ya yi tsada. Amma wannan hujja ce ta ƙara kula da minti goma na farko. Inda asibiti ya yi nisa, buta da sabulu su ne ke hana ƙaramin yanka zama tafiyar da ba a shirya mata ba.

'Yan kasuwa suna da nasu rabo. Mai kanti da mai teburin magani, ko a Kaura ko a kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis, in an zo musu da sabon yanka, su miƙa sabulu da bandeji, su bar kafso a kwalinsa. Ma'aikatan ofis da malaman makaranta, waɗanda a kan tambaya a ƙauye saboda sun yi karatu, su karanta wa waɗanda ba su iya ba, su kuma tambayi ɗakin shan magani na garinsu ranar da a ke yin allura. Maigida kuwa, in zai fita gona da 'ya'yansa da 'yan ƙodago, ya ƙara gora guda ta ruwa mai tsabta, da guntun sabulu, da wankakken ƙyalle cikin leda. Nauyinsu bai kai na fartanya guda ba, kuɗinsu kuma bai kai ladan ɗan ƙodago na yini guda ba.